Filin Baba da Na'urar Haƙar Bitcoin

Kwana biyu bayan babbar sallar 2023, na fito daga sallar magariba a Masallacin Gabashin Landan da ke kan titin Whitechapel, sai ga kiran Yaya. A irin wannan lokaci rana ba ta faɗuwa a nan sai tara ta wuce, kuma agogonmu ya zo ɗaya da na Kano, don haka na san sun daɗe da yin isha'i, ya ci tuwo, yana zaune a ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi karatu, na tambayi Umma da yara. Sai ya yi gyaran murya.

"Injiniya, Umma ta ce wai na'urar haƙar Bitcoin kake haɗawa a makaranta?"

Laifina ne. Ranar sallah Umma ta tambaye ni abin da ya hana ni barci har idanuna suka faɗa, na rasa yadda zan yi mata bayanin aikin kammala digirina na biyu, sai na ce na'urar da ke haƙo kuɗin intanet nake tsarawa. Ta ce Allah ya yi albarka. Ashe maganar ta zaga gida.

Na ce, "E to, Yaya, kusan haka ne."

Ya ce, "To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi magana da dillali a kan filin Baba na Kumbotso. Mu sayar, ka haɗa mana guda biyu ko uku, ko ka sayo mana manyan, mu ajiye a bayan shago. Kai da ilimi, ni da wuri."

Ba zan ce maganar ta ba ni dariya ba, domin na san inda take fitowa. Yaya yana da shagon sayar da waya da gyara a kasuwar Farm Centre. Wata guda kafin nan, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, lita ta haura naira 500. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta doshi 800. Kayan da yake sarowa sun yi tsada, masu saye sun ja baya. Sannan akwai abin da bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba: motarsa ya sayar aka cika kuɗin makarantata. Filin kuwa shi kaɗai ya rage cikin abin da Baba ya bari, kuma ba namu mu biyu ba ne. Akwai tumunin Umma, akwai rabon ƙannenmu mata biyu, ɗaya ma ba ta yi aure ba.

Na ce ya ba ni mako biyu in yi lissafi. Ya ce lissafin me, ba kai kake haɗa abin ba? Na ce shi ya sa.

Ɗakin da nake haya yana saman wani shagon kayan miya na 'yan Bangaladash, a wani lungu bayan asibitin Royal London. Gado, tebur, hita, da taga mai kallon kwandunan shara. A kan teburin akwai allon lantarki da bai fi tafin hannuna biyu ba, wanda na aro daga ɗakin gwaje-gwajenmu a jami'ar Queen Mary, can Mile End. A tsakiyarsa akwai wani baƙin cip, irin abin da su Yaya ke kira aisi a wajen gyaran waya, sai dai wannan ya fi girma. Shi ne "na'urar" da ake shirin sayar da fili a kanta.

Kafin in faɗi abin da lissafin ya nuna, gara in faɗi abin da ake nufi da haƙa, domin kalmar tana yaudara. Babu abin da aka binne. Bitcoin kundi ne na wa ya tura wa wa nawa, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Kusan duk minti goma ana ƙara masa sabon shafi, kuma wanda ya samu damar rufe shafin shi ake ba lada. A 2023 ladan Bitcoin 6.25 ne. Yadda ake samun damar shi ne a ɗauki kan shafin, wanda tsawonsa bayit 80 ne, a zuba shi cikin wani lissafi mai suna SHA-256 har sau biyu. Abin da zai fito doguwar lamba ce da za a iya kira hatimin shafin. Sharaɗin shi ne hatimin ya faro da sifili masu yawa a jere. Babu wata dabarar hango abin da zai fito. Sai dai ka canza wata 'yar lambar gwaji da ke ƙarshen kan shafin, ka sake lissafi, ka duba, ka sake canzawa. Lambar gwajin tana da fuska sama da biliyan huɗu, in sun ƙare ba a dace ba, a taɓa wani wuri a shafin a faro daga farko.

Wato ƙuri'a ce. Kowane gwaji tikiti ɗaya ne, kuma kuɗin tikitin wutar lantarki ce. Sannan tsarin yana da wata ƙa'ida da mutane ba su cika lura da ita ba: bayan kowane shafi 2,016, kimanin mako biyu, yana duba saurin da aka yi. In masu haƙa sun ƙaru, sai ya ƙara tsananta sharaɗin don a koma minti goma. Komai yawan na'urorin da aka kunna a duniya, ladan da ake rabawa a rana bai ƙaruwa. Masu rabon ne ke ƙaruwa.

A 2009 da aka fara, kwamfutar gida ta isa. A 2010 aka koma katin hoto na masu wasannin kwamfuta. A 2011 sai ga irin cip ɗin da ke kan teburina, wanda ake kira FPGA. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara fitar da irinsa a 1985. Shi wannan cip idan ya fito daga masana'anta bai san komai ba. A cikinsa akwai dubban ƙananan akwatunan lissafi, da ma'ajiyai, da wayoyi masu makunni a tsakaninsu. Kai ne za ka rubuta yadda za a haɗa su, a wani harshe da ake kira Verilog, ka loda, sai ya zama na'urar da ka zana. Gobe in ka ga dama ka share ka loda wata. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: a rubuta, a biya, a wanke, a sake rubutu. A farkon 2013 kuma aka fara sayar da wani nau'in da ake kira ASIC, wanda shi tun a masana'anta aka sassaƙa masa aiki ɗaya tak. Ba a wanke shi, ba ya iya komai sai SHA-256, amma a wannan aikin babu mai kama ƙafarsa.

Aikina shi ne in ga iya abin da zan iya matsowa daga allon nan, cip ɗin Artix-7, da mafi ƙarancin wuta. Malamina ya zaɓi SHA-256 ne saboda darasi ne mai kyau ga mai koyon zanen cip: lissafin a bayyane yake, kuma ba ya yafe sakaci.

SHA-256 zagaye 64 ne, kowane zagaye yana karɓar abin da na baya ya fitar ya ƙara cakuɗa shi. Tunda sau biyu ake yi, zagaye 128 ke nan a kowane gwaji. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gina da'ira ɗaya ta yi ta maimaita kanta sau 128. Zanena na farko haka yake, ɗan ƙarami, kuma ya yi aiki, sai dai gwaji miliyan ɗaya da ɗoriya kawai yake yi a daƙiƙa.

Hanya ta biyu na fi gane ta idan na tuna ranar zuba dakin a unguwarmu. Lebura ɗaya zai iya cika kwanon kankare, ya hau tsani, ya juye, ya sauko. Amma 'yan kwangila ba haka suke yi ba. Jera mutane suke daga wajen kwaɓi har sama, kowa ya karɓa ya miƙa. Kwanon farko zai ɗan jima kafin ya isa, amma daga nan duk miƙa ɗaya kwano ɗaya ne ke juyewa. Haka na shimfiɗa zagayen nan a jere a cikin cip, kowanne da wurinsa, da ma'aji tsakaninsa da na gaba. Duk bugun agogo sabuwar lambar gwaji na shiga ta wannan baki, hatimi ɗaya na fita ta wancan.

A layin lebura, wanda ya fi kowa nawa shi ke yanke saurin kowa. A cip ma haka ne. Ina son agogon ya buga sau miliyan 200 a daƙiƙa, wato kowane mataki yana da kashi biyar cikin biliyan na daƙiƙa ya gama aikinsa. A wannan ɗan lokacin haske kansa mita ɗaya da rabi kawai yake ci. Mai nawan a SHA-256 shi ne tarawa. A kowane zagaye akwai inda ake tara lambobi biyar, kuma tarawa a cip irin ta firamare ce: rubuta biyu, riƙe ɗaya, kai gaba. Wannan "riƙe ɗaya" sai ya bi gida 32 ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa biyu ne. Na farko, a jinkirta kai abin da aka riƙe, a ajiye shi gefe kamar yadda mai shago ke rubuta bashi, sai a ƙarshe a haɗa gaba ɗaya. Na biyu, uku daga cikin lambobin biyar an san su tun a matakin baya, don haka a tara su tun can, kafin a buƙace su.

Sai kuma aikin da ba dole ba. Bayit 64 na farkon kan shafin ba sa canzawa idan an canza lambar gwaji, don haka sau ɗaya ake lissafa su a ajiye sakamakon. Zagaye uku na farkon ragowar su ma ba su taɓa lambar gwajin ba, a yi su a waje. A can ƙarshe kuma, ɓangaren hatimin da ake fara dubawa ko sifili ne yana kammaluwa tun a zagaye na 61, don haka ukun ƙarshe a cire su. Kowane zagaye da ka cire, ka rage dubban makunnai da ke cin wuta sau miliyan 200 a daƙiƙa.

Nan na koyi abin da ya fi komai amfani a aikin. Wutar da cip ke ci tana bin saurin agogo kai tsaye, amma ƙarfin lantarkin da ka ba shi sau biyu yake shiga lissafi. Ka rage shi da kashi 10 cikin ɗari, cin wutar ya ragu da kusan kashi 19. Shi ya sa masu zana manyan na'urori suka fi son layuka masu yawa da ke tafiya a hankali a kan layi ɗaya mai gudun tsiya. Tambayar da suke yi ita ce: gwaji nawa kake samu a kowane ɗigon wuta? Sauri yana zuwa daga baya.

Duk canjin da na yi, sai manhajar ta ɗauki awa biyu ko uku tana neman yadda za ta jera da'irorin a cikin cip. Sau da yawa in dawo in tarar ta ce wata waya ɗaya ta makara da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, a sake. A irin wannan jiran na san Whitechapel. In sauka in bi rumfunan kasuwar bakin titi, inda ake sayar da kuɓewa da gwaza da kifin da ban san sunansa ba, in zauna a lambun Altab Ali, in dawo.

Gwajin da kowa ke yi wa irin wannan zane shi ne a ba shi shafin farko na Bitcoin, wanda Satoshi Nakamoto ya rufe ranar 3 ga Janairun 2009, a ga ko zai gano lambar da aka riga aka sani. A cikin shafin nan an saka kanun labarin jaridar The Times ta wannan rana, kan shirin sake ceto bankunan Birtaniya da kuɗin gwamnati. A lokacin ofishin jaridar yana Wapping, tafiyar ƙafa daga ɗakina. Kwana huɗu na'urata tana wuce lambar ba ta gan ta ba. Ashe wasu lambobin a kan shafin daga dama ake karanta su, ni kuwa na shigar da su daga hagu, kamar wanda aka ba ajami ya karanta shi da ƙa'idar boko. Da na gyara, wajen ƙarfe biyun dare, na danna, na ƙirga daƙiƙa goma, sai ga ta a fuskar kwamfuta: 2083236893. Na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki. Gwaji miliyan 200 a daƙiƙa, da wuta wat takwas. Ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Wannan ya faru mako guda kafin kiran Yaya. Da ya kira, sai na ɗauki takarda na yi lissafin da aikin makaranta bai tambaye ni ba.

A lokacin, masu haƙa a duniya gaba ɗaya suna gwaji sama da tiriliyan miliyan 300 a daƙiƙa. Na raba nawa da nasu, na ninka da yawan shafukan shekara. Amsar ita ce allona zai rufe shafi ɗaya, a matsakaici, cikin shekara kusan miliyan 30. Na sake lissafin sau uku don na ɗauka na ɓatar da sifili.

Sai na kwatanta shi da babbar na'urar da Yaya ke nufi, Antminer S19 Pro ta kamfanin Bitmain, wadda ke gwaji tiriliyan 110 a daƙiƙa da wat 3,250. Ta fi allona sauri sau 550,000. Abin da ya fi ciwo, a kowane gwaji wutar da take ci ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na tawa ba. Ba don zanena ya lalace ba. Yawancin jikin FPGA wayoyi ne da makunnai da ke ba shi damar zama komai, kuma duk suna cin wuri da wuta. Sannan nawa an ƙera shi da fasahar nanomita 28, nata da ta nanomita 7. Damar wanke allo tana da farashi, kuma a wannan kasuwar tun 2013 babu mai iya biyansa.

To a bar allona, a sayi babbar. Ita kuma wat 3,250 dare da rana yunit 78 ke nan a kullum. Wannan lambar na san nauyinta a jikina, domin mitar gidanmu ta kati ce. A hunturun 2022, lokacin da yunit ya kai pens 34, na koyi kashe hita in sa rigar sanyi biyu, don kada kuɗin ya ƙare cikin dare in fita neman shagon da zan loda. Hitar nan wat 2,000 ce. Na'urar ta fi ta ci, kuma ba a kashe ta. A farashin Yulin 2023, kimanin pens 30, za ta sha sama da fam 23 a rana. Abin da za ta samo, da Bitcoin a wajen dala 30,000, dala takwas ne da 'yan kai, ƙasa da fam bakwai.

A Kano fa? Da ana samun wutar gari dare da rana a farashin lokacin, da an ɗan ga wani abu a sama. Amma a layin shagon Yaya ranar da aka samu awa takwas ana murna. Janaretan da zai ɗauke ta zai sha aƙalla lita 30 a rana, sama da naira 15,000, don a samo abin da bai kai naira 7,000 ba. Sola kuwa sai an shimfiɗa faifai wajen 40 zuwa 50, ga batiran da za su riƙe ta har asuba. Ban sa zafin Afrilu ba, ban sa ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba, ban sa ƙarar da za ta hana maƙwabta sakat ba. Kuma a lokacin umarnin Babban Bankin Najeriya na Fabrairun 2021, wanda ya hana bankuna taɓa hada-hadar kirifto, yana nan bai tashi ba.

Na kira shi ranar Juma'a da daddare. Na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

"To su waɗanda suke yi, mahaukata ne?"

Na ce a'a. Suna yi ne a inda wuta ta yi yawa har ta rasa mai saye. Kafin China ta hana a 2021, da damina ana kwasar na'urori zuwa lardin Sichuan saboda madatsun ruwa sun cika. Bayan nan suka watsu zuwa Texas da Kazakistan. Na ce masa, "Yaya, sana'ar nan sayar da wuta ce ta wata hanya. Wanda yake da rarar wuta shi ke cin riba. Mu kuwa wutar ce ba mu da ita."

Ya ce, "Ko dai haramun kake gani, kake kewaye-kewaye?"

Na ce ba nan nake ba. Malamai sun saɓa. Muftin Masar ya yi fatawar hana mu'amala da Bitcoin a farkon 2018, kuma a azumin wannan shekarar wani masallaci a Dalston, nan kusa da mu, ya karɓi zakka da sadaka da shi. Na ce wannan ya tambayi malamansa, ni abin da na sani wat ne da yunit.

Sai ya faɗi abin da na san yana zuwa. "Na gane. An yi karatu, an ga hanya, ba a son a nuna wa na gida." Ya yi sallama ya kashe.

Mako biyar bai ɗauki wayata ba. In na aika saƙo ya karanta ya yi shiru. A cikin makonnin nan na rubuta rahoton aikina, kuma sau da yawa na yi tunanin da na yi shiru. Da na ce masa to, a sayar, na sayo na'urar, in ta gaza a ce ƙaddara ce, ba mai zargina da rowar ilimi. Abin da ya hana ni shi ne na riga na ga lambar. Kuma kuɗin ba na Yaya kaɗai ba ne, har da na yarinyar da ba a yi wa kayan ɗaki ba tukuna.

Umma ce ta raba gardamar, ba tare da ta san mene ne SHA-256 ba. Ta kira ni ta ce, "Abin nan, in an kunna shi, yana cin fiye da abin da yake kawowa?" Na ce e, Umma. Ta ce, "To ai ko akuya ce sai a sayar da ita." Ta gaya wa Yaya ba ta yarda a taɓa tumuninta ba, kuma ba a yanka fili a bar nata a tsakiya. Magana ta mutu. Ranar da aka sa ranar auren ƙanwarmu ya kira ni da kansa, muka yi maganar kuɗin gado da katifa kamar babu abin da ya faru.

Ba zan ce tarihi ya wanke ni tas ba. A Disambar 2024 Bitcoin ya haura dala 100,000. A daren Yaya ya turo min hoton farashin, babu ko kalma ɗaya a ƙasa. Na gane saƙon. Na mayar masa da lissafi: a Afrilun 2024 an raba ladan biyu ya koma 3.125, kamar yadda tsarin ke yi bayan kowane shafi 210,000, masu haƙa kuma sun ninka. Na'urar da ke samo dala takwas a 2023 a lokacin wajen shida take samowa, fetur kuma ya wuce naira 1,000. Ya ce, "Ni ba na'ura nake nufi ba. Da mun sayi kuɗin kawai mun ajiye fa?" Nan ba ni da amsa, domin gaskiyarsa ce, da an ninka. Abin da kawai na iya ce masa shi ne wannan kuɗin ya taɓa faɗowa daga kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021 zuwa wajen 16,000 bayan shekara guda, kuma ba a koya mana hango farashi a ajinmu ba. Ya turo alamar dariya. Har yau in muka yi saɓani a kan wani abu yakan ce, "Injiniya, kawo lissafi."

A shekarar nan ta 2024 ne kuma maining ya cika Kano. Yaran shagonsa, da masu adaidaita sahu, da matan aure, kowa na dangwalar fuskar waya dare da rana a wasannin Telegram, ana jiran ranar fashewa. Wani ɗan ƙanin Umma ya tambaye ni ko zan haɗa masa na'urar da za ta riƙa danna masa. Na yi masa bayani cewa wayarsa ba ta lissafa komai, ba ta rufe shafin kowa, masu wasan ne ke raba maki yadda suka ga dama don su tara jama'a. Ya saurare ni da ladabi, ya ci gaba da dannawa. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya gama makaranta shekara uku babu aiki, in an ce masa yatsa zai kawo dala, zai gwada.

Ga ɗalibanmu da ke karatun lantarki ko kwamfuta a waje, na san da yawanku an taɓa yi muku irin wannan kiran, ko za a yi. A gida ana ganin duk wanda ya fita ya san wata ƙofa. Shawarata ita ce kada ku amsa a take, kuma kada ku raina mai tambayar. Ku nemi lambobi huɗu: wat nawa na'urar ke ci, nawa ne yunit a inda za a kunna ta, gwaji nawa take yi, duniya kuma nawa take yi. Wanda ya iya ninkawa da rabawa zai gama cikin minti goma. Abin da ke da wuya shi ne faɗa wa wanda ya sayar da motarsa dominka.

Allon kuwa na mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje a watan Satumba. Ma'aikacin wurin ya karɓa, ya duba ko na ƙona wani abu, ya sa shi a kan kanta. Da ma FPGA ba ya riƙe zane in an cire masa wuta, sai an sake loda masa. Wata uku na aikina ya tsaya a cikin fayil, allon kuma ya koma fari, yana jiran ɗalibin da zai mai da shi na'urar tace sauti ko ta sarrafa hoto. Dabarun da na koya a kansa, na jera aiki a layi, da farautar mataki mai nawa, da ƙirga kowane wat, su nake ci da su yanzu a wani ƙaramin kamfani da ke zana na'urorin sadarwa.

Filin yana nan a Kumbotso. Bara Yaya ya sa an zagaye shi da bulo layi huɗu saboda masu cin iyaka, ya turo min hoto da rabona na kuɗin siminti. A bayan shagonsa, inda ya so ajiye na'urar, ya sa faifan sola shida da inbata, yana cajin waya da kunna na'urar gyara ko an ɗauke wuta. Kafin ya saya sai da ya kira ni, ya karanto min abin da ke rubuce a jikin batirin, ya ce in faɗa masa awa nawa zai kai. Na ce ya ba ni minti goma. Ya ce, "A'a, yi a nan ina ji."